Shekarar da Na Kira Sunan Yayarku

Ku 'ya'yana, na san irin labarin da kuka tashi kuna ji a Gwaram game da ni da kakarku Inna. Wasu sun ce digiri ne ya hau mini kai, na shiga gidan surukata na ɗauke yayarku Ummi a gaban mutane. Wasu ma sun ce zagin Inna na yi. Ban taɓa tsayawa musu da kowa ba, domin a lokacin Inna tana da rai, kuma duk abin da zan faɗa don in wanke kaina ita zai shafa wa baƙi. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma na ajiye aiki, gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Gara ku ji daga bakina tun ina iya tuna abin yadda ya faru.

An yi mini aure da babanku ina gama sakandare, muka zauna a Birnin Kudu inda yake aikin malamin gona. A zamaninmu ba wanda ya san wani gwajin jini kafin aure. Yayarku ba ta cika shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka fara kumbura, ta riƙa tsala kuka ko an taɓa ta ko ba a taɓa ta ba. A asibiti aka ce sikila ce, abin da tsofaffi ke kira amosanin jini. Ina tsaye ma'aikata suna magana a kanta da Turanci, ina tsintar kalma ɗaya ina zubar da goma, ban san ko cewa suke za ta rayu ko za ta mutu ba. A ranar na ƙudura a raina sai na san abin da suke faɗa. Da aka yaye ta Inna ta zo ta ɗauke ta zuwa Gwaram, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari, balle ma sunan Innar aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi. Kuma ku riƙe wannan da kyau: Inna ce ta sa baki babanku ya bar ni na nemi makarantar koyon aikin jinya. Yana ta kame-kame, ita ta katse shi.

"Bar ta ta je," in ji ta. "Yarinya tana hannuna. Zaman me za ta yi a ɗaki, ƙirga azara?"

Ku 'yan yanzu da kuke rungumar 'ya'yanku na fari kuna ɗaukar hoto kuna yaɗawa a waya, ba lalle ku gane abin da zan faɗa ba. Mu da kunyar ɗan fari muka tashi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a cikin mutane, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban manya. A dangin babanku abin ya fi tsanani, ni kuma kunyata biyu ce, ga ta 'yar fari, ga sunan surukata a kanta. Ko Ummin ma ba na faɗa. "Waccan" nake cewa, ko "yarinyar Inna". Ita kuma Anti take kirana. Ranar da aka kira mu ganawa a makarantar jinya, wata dattijuwa cikin masu tambaya ta dube ni ta saman tabarau ta ce me ya sa nake son wannan aiki. Amsar tana bakina, amsa ce ta gaskiya da na san za ta fi ta kowa, amma harshena ya ƙi. Da ƙyar na ce don in taimaki al'umma, abin da duk wanda ya shiga ɗakin ya faɗa. Na fito ina kuka na ce na faɗi, sai ga shi Allah ya sa sunana ya fito.

Na gama shekaru ukun, na karɓi takardar shaidata, aka ɗauke ni aiki a ɗakin yara. A cikin shekarun nan na haifi ku ukun, duk Allah ya tsallakar da ku daga ciwon. Na zama mai ba da umarni, in na ɗaga murya iyaye maza ma shiru suke. Amma da na shiga soron Inna sai in koma bebiya. Duk ƙarshen mako nakan hau mota zuwa Gwaram da sunan gaishe ta, alhali duba marar lafiyata nake zuwa yi. In yarinyar ta miƙo mini ruwa sai in saci kallon tafin hannunta, in ta juya in saci kallon idonta. In na ga abin da bai yi mini ba, sai in ja goggonku Asabe, ƙanwar babanku da ke aure a maƙwabta, in raɗa mata a bakin murhu. Washegari Asabe za ta ce za ta kai Ummi kitso Birnin Kudu, ko ɗinkin salla, ko ganin ƙannenta. A asibiti ake yin kitson. Ina jin Inna ta sani, domin ba ta taɓa tambayar me ya sa kan yake dawowa a tsefe ba.

Ba wai Inna tana gudun asibiti ba ne. In ciwon ƙashi ne ko zazzaɓi, da kanta takan ce a kai ta. Abu ɗaya ne ba ta ɗaga ƙafa a kansa, wato shawara. In idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, a wurin Inna da duk tsararrakinta ba a kai shi inda za a yi masa allura, domin sun yi imani allura da shawara ba sa haɗuwa, kashe mutum take. Kuma ba da ka take faɗa ba. Ƙanen babanku, wanda ba ku sani ba, shawara ya yi yana saurayi, aka yi masa allura a wani kemis, bai kwana biyu ba ya rasu. Wa zai zauna ya yi wa uwa bayanin cewa hanta ce ta riga ta lalace? To mai sikila kuwa, duk lokacin da jininsa ya fara ƙonewa, idonsa ne yake fara yin ɗorawa. Lokacin da ya fi buƙatar asibiti shi ne daidai lokacin da Inna za ta rufe ƙofa ta ɗora tukunyar jiƙo. Wannan tsoron na yi shekaru ina kwana da shi ina tashi da shi, kuma Asabe kaɗai ce tsakanina da shi.

Maganar digiri ta taso ne da aka ce za a buɗe sashe na musamman don yara masu sikila, kuma ba za a ba wa kowa riƙonsa ba sai mai digirin jinya. Mu masu takardar shekara uku akwai matakin da in muka kai sai mu tsaya, ko da za mu tsufa a kai. Ni ba matakin ne ya dame ni ba, sashen nake so, kuma kun san dalili. Na nemi jami'a karo na farko ban samu ba. Karo na biyu aka ɗauke ni kai tsaye aji biyu, a wata jami'a mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Ma'aikata ta ba ni hutun ƙaro ilimi. Mutane suna ta yi mini murna, sai ga labari wai an yi wa mijin Asabe canjin aiki zuwa kudu, kuma da iyalinsa zai tafi. Na ce wa babanku na fasa. Ya ce in na fasa ba za a sake ba ni wannan dama ba, in je, shi zai yi wa Inna magana a kan shawarar. Na san ba zai iya ba, domin shi ma 'yar farinsa ce, kuma maganar ta taɓa ƙanensa. Amma ina son in tafi, sai na yarda da shi.

Na je sallama da jaka cike da magunguna da sabon gidan sauro. Tun daga tashar Birnin Kudu nake tsara maganar a raina, har na haddace ta kamar karatun allo: Inna, in idonta ya canza, don Allah a kai ta asibiti. Muka gaisa, muka ci abinci, muka yi hirar gona. Yarinyar tana zaune a gefe tana tsince shinkafa, lokacin ta kusa shekara goma sha biyu amma in ka gan ta ka ce takwas. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, ga gidan sauro, damina ta kusa." Ta sa mini albarka, ta ba ni ƙulli na kuka da daddawa. Na fito ina jin haushin kaina har tasha.

A jami'a ni ce babba a aji, yaran Mama suke ce mini. Kwamfuta ta ba ni wuya, rubutun bincike ya ba ni wuya, amma duk wannan wasa ne. Jarrabawata ta gaskiya bayan magariba nake yin ta, lokacin da nake kiran wayar Inna. Inna ba ta iya danna waya ba, saboda haka yarinyar ce take ɗauka. Kullum abu ɗaya take faɗa: Anti, ina wuni, ga Inna. Wannan 'yar maganar ita ce duk abin da nake samu, kuma a cikinta nake auna komai. Ina sauraren ko numfashinta yana sama-sama, ko muryar ta yi ƙasa, ko ta ja kalmar kamar mai jin ciwo. In muryar ta fito garau, ranar zan ci abinci in yi karatu. In ba ta yi mini ba, sai in kwana ina juyi. A aji in malami ya zo kan darasin jini, sai in ga fuskarta a jikin allo, in kasa rubutu. Ba na jin na yi barci mai daɗi ko sau ɗaya a zangon nan.

Damina ta yi nisa, ana gobe za mu fara jarrabawar ƙarshen zango, na kira kamar kullum. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Can aka ɗauka, aka yi ta laluben ta, sai na ji muryar Inna da kanta tana tambayar wa ke magana. Na gaishe ta, na tambayi mutanen gida, ta ce kowa lafiya. Na ce ya yara, ta ce lafiya ƙalau, in mai da hankali ga karatuna. Kafin ta gano inda ake kashe wayar, na jiyo muryar wata mata daga nesa tana cewa, "To Inna, Allah ya ƙara sauƙi." Nan da nan na kira babanku. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ya je jiya, ya tarar da ita a kwance da ɗan zazzaɓi, amma Inna tana kula, Inna ta fi mu sanin jikinta.

"Malam," na ce, "ka dubi idonta?"

Ya ce, "Ya ɗan canza."

Ɗalibar da muke ɗaki ɗaya ta ga ina cusa kaya a jaka, ta ce Mama, in kika bar jarrabawar nan shekarar za ki maimaita, wataƙila ma a janye miki hutun. Na ce na sani. Ana idar da sallar asuba ina tasha. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan tafiya ba. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja ko sayen rake, ji nake kamar in shaƙe shi. Na san abin da zazzaɓin sauro yake yi wa jinin mai sikila, na ga yaran da aka kawo mana da safe suna magana, kafin azahar an lulluɓe su. A ranar na yi da-na-sanin duk abin da na karanta, domin da ban sani ba da na samu abin da zan yaudari kaina da shi. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai in kasa dubawa. Babanku ya tare ni a Birnin Kudu da motar da na ce ya ɗauko shata, muka isa Gwaram bayan la'asar. Ina ganin takalman mata jibge a ƙofar ɗakin Inna na tsaya, na kasa kunne in ji ko kuka ake. Ba kuka ake ba, 'yan dubiya ne. Babanku ya tsaya a soro, na shiga ni kaɗai.

Ɗakin cike yake da tsofaffi, ƙawayen Inna da 'yan uwanta. Yarinyar tana kwance a gadonta, Inna ta ɗora kanta a cinya tana ba ta jiƙo da cokali, yana zubowa ta gefen baki. Ya kamata in durƙusa in gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, in zauna a bakin ƙofa kamar ban ga mai kwanciya ba. Na fara gaisuwar ma. Amma daga inda nake ina ganin yadda ƙirjinta yake ɗagawa da sauri, ina ganin leɓenta ya yi fari fat. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mutane ba. Na ja fatar idonta, farin idon ya yi ɗorawa, cikin fatar kuwa babu ɗigon ja. Na kama tsintsiyar hannunta, jijiyar tana gudu siriri kamar zare. Na girgiza ta ba ta motsa ba. Inna ta ce a hankali, cikin mutunci, shawara ce, an samo magani mai kyau daga Farin Dutse, in kwantar da hankalina in je in ci abinci. Na ce jininta ne ya ƙare, sai an ƙara mata yau. Ta ce ba za a huda mata jika da allura tana cikin shawara ba, ta binne ɗaya, ba za ta binne biyu ba. Wata tsohuwa ta ce ke kuwa 'yar nan, ina ruwanki a ciki, ba ga uwarta nan ba. Na sake girgiza yarinyar, kanta ya langaɓe. A wurin aiki in marar lafiya yana nitsewa sunansa na yanka muke kira da ƙarfi, shi ne abin da kunne yake riƙewa har ƙarshe. Bakina ya yi abin da ya saba.

"Sa'adatu! Sa'adatu, buɗe idonki!"

Wata tsohuwa ta saki salati. Sunan Inna ne na kwaɗa a gaban idonta, a ɗakinta, a gaban tsararrakinta, sunan da ko mijinta bai kira ta da shi a cikin mutane ba. Yarinyar ta ɗan buɗe ido ta mayar. Na sa hannu zan ɗauke ta, Inna ta riƙe kafaɗarta. Tsoron Inna nake ji, tsoron mutuwar yarinyar ya fi shi.

"Inna, ki yafe mini," na ce. "'Yata ce. Ni na haife ta."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta ɗauke hannunta. Na saɓa yarinyar a kafaɗa, karo na farko tun da aka yaye ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A mota na riƙe jijiyar hannunta har Birnin Kudu, ina addu'a kada ta tsaya a ƙarƙashin yatsuna. Kuma zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da abokiyar aikina ta kama hannunta za ta huda don sa jini, ni da na yi shekaru ina faɗa wa iyaye cewa maganar allura da shawara ba gaskiya ba ce, sai da na kau da kai. Na ce a raina, in ta mutu yanzu fa? Garin Gwaram gaba ɗaya zai ce allura ce, Inna za ta tafi kabari da wannan, ni kuma ba ni da inda zan sa kaina. Sai da aka ƙara mata jini sau biyu kafin leɓenta ya fara komawa ja. Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara tambaya shi ne ina Inna.

Inna ba ta zo asibiti ba, amma kullum sai ta aiko da kunu. Ranar da aka sallame mu muka koma gidanmu na Birnin Kudu, muka tarar da mai babur ya sauke kaya a tsakar gida: akwatin yarinyar, allonta, kwanon cin abincinta, har da 'yar akuyar da Inna ta ba ta, an ɗaure ta a jikin turmi. Saƙon da ya bari shi ne Inna ta ce a gaida mai jiki, ga kayanta nan. Yayarku ta yi kwana da kwanaki tana kuka ba ta yi mini magana, kuma ban ga laifinta ba. Shekarar karatun na maimaita ta, Allah ya sa ba a janye mini hutun ba. Na kama ɗaki kusa da jami'a na tafi da ita, na sa ta a makaranta a can, muka fara koyon zama da juna kamar baƙi. Na gama digirin, na dawo, aka ba ni sashen da nake so, na riƙe shi har na ajiye aiki.

Inna ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. In na je gaishe ta takan amsa, ta sa a kawo mini ruwa. Sai dai tun da aka kawo ni gidan "'yar nan" take ce mini, daga ranar kuwa ta koma ce mini Sista, kamar yadda 'yan gari suke faɗa. Bayan na dawo daga karatu na ɗauki yayarku da kayanta na kai ta Gwaram, na durƙusa na ce ga 'yarta na dawo mata da ita, tunda yanzu ina kusa. Yarinyar har ta fara kwance akwati. Inna ta shafa kanta, ta yaba yadda ta yi ƙiba, sannan ta ce a mayar da akwatin mota.

"A gaban mutane kika karɓe ta, Sista," in ji ta. "Kuma da ban ba ki ba, da yanzu babu ita. Wannan ma na sani. Ku tafi kada yamma ta yi muku."

Ta rayu shekaru bayan haka ita kaɗai a ɗakin nan. Ba ta sake karɓar riƙon ɗan kowa ba, ko da aka yi ta kai mata jikoki. Ba na nadamar abin da na yi, in aka mayar da ni wannan yammacin haka zan sake yi. Amma in kun zo ba 'ya'yanku labarin, kada ku ce kakarku ta hana a kai yarinya asibiti. Ku ce tana da yaƙinin cewa allurar za ta kashe mata jika, kuma duk da haka ta ɗauke hannunta.